Yadda ake gano lambar kwastam ta mutum-mutumin da ake yi wa kodin tun kafin a shigo da shi Najeriya

Jama'a assalamu alaikum. Wannan bayani na masu makarantu ne da malaman kwamfuta da matasanmu masu koyar da kodin, da kuma 'yan kasuwar da suka fara yin odar ƙananan mutum-mutumi daga Chana, irin waɗanda ake haɗawa da waya ko laftof a rubuta musu umarni su yi tafiya, su kauce wa bango, su bi baƙin layi a ƙasa. Kayan sun fara shigowa sosai kuma abin farin ciki ne wallahi, amma abin da ke damuna shi ne mutum zai zauna ya lissafa kuɗin kaya da kuɗin jirgi tsaf har kwabo, sai batun lambar kwastam ya ce ai wannan aikin ejan ne shi ya san kan abin, alhali wannan lambar ita ce za ta faɗi nawa za ka biya da takardun da za a nema a hannunka, kuma idan aka sa ta ba daidai ba sunanka ne a kan takarda ba na ejan ba.

Da farko ka san me ake nufi da lambar. Duk kayan da ke tsallaka iyaka a duniya suna da lamba a wani tsari da ake kira HS, Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels ce ke kula da shi, ya fara aiki a 1988 kuma ana sabunta shi kusan duk shekara biyar, wanda ake kai yanzu shi ne na 2022. Lamba shida ce. Biyun farko babi ne, huɗun farko su ne kan layi, shidan gaba ɗaya su ne ƙaramin layi. Wannan shidan iri ɗaya ce a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Chana ɗin kanta. Sai kowane yanki ya ƙara nasa lambobin a baya, mu a nan littafin tarifun ECOWAS muke bi wanda ya fara aiki a 2015, shi lamba goma yake da ita kuma ya raba kaya rukuni biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kashi 5 na ɗanyen kaya ne da injinan aiki, kashi 20 na kayan da aka gama ne waɗanda za su tafi hannun mai saye kai tsaye. To ka riƙe waɗannan biyun, don a tsakaninsu rigimar take.

Abin da ya sa mutum-mutumi ke da wahala shi ne in ka buɗe littafin daga farko har ƙarshe ba za ka samu layin da aka rubuta mutum-mutumin gida ko na makaranta ba. Wanda aka ambata da suna na masana'anta ne, 8479.50, sai kuma 8428.70 da aka ƙaro a 2022 na masu ɗaga kaya da sauke kaya. Duk sauran sai dai a dubi me yake yi kuma don wa aka ƙera shi. Shi ya sa abu biyu masu kama da juna, duka da taya da sensa da batir, ɗaya zai tafi babi na 95 na kayan wasa ɗaya ya tafi na 84 na injina.

Mataki na farko ke nan, kuma tun ba ka tura ko sisi ba: ka nemi cikakken bayanin kayan daga wurin mai sayarwa. Ba hoton talla ba. Ka ce ya turo maka littafin bayani na ciki, da takardar ƙayyadaddun na'urar, da hoton kwalin ta kowane gefe, da jerin duk abin da ke cikin kwalin ɗaya bayan ɗaya. Ka duba shekarun da aka rubuta a jikin kwali, ka duba da me aka yi shi, roba ce ko ƙarfe, nauyinsa nawa, ƙarfin batir nawa, yana da Wi-Fi ko Bluetooth ko wurin sa layin waya, yana da kyamara, kuma da wace manhaja ake ba shi umarni. Ka ɗauki misalin mBot na kamfanin Makeblock da ke Shenzhen wanda makarantu da yawa ke saye: in ka buɗe kwalin za ka ga ƙaramin gangar jiki na alminiyam mai launin shuɗi, taya biyu da ƙananan injina biyu, sensa mai ido biyu a gaba wadda ke auna nisa, wata sensar a ƙasa ta bin layi, allon lantarki ɗaya, sukurori a leda da ɗan sukundireba, ga taswirar layi a naɗe, a jikin kwalin kuma an sa daga shekara 8 zuwa sama, manhajarsa kan Scratch aka gina ta inda yaro ke jan tubali yana jerawa. Duk waɗannan abubuwan da na lissafa hujja ce, kuma su jami'i zai duba.

Mai sayarwa zai sa maka wata lamba a kan inbois, kar ka ɗauke ta a matsayin hukunci. Lambar fitar da kaya ce ta ƙasarsu, in ta fi shida to abin da ya biyo bayan shidan nasu ne ba namu ba, kuma sau da yawa abin da ya dace da lissafinsu na can suke zaɓa. Ka ajiye ta dai a gefe don ka san daga ina za ka fara.

Mataki na biyu, kuma dan Allah kar a tsallake shi don shi ne ginshiƙin komai: ka tambayi kanka tsakani da Allah, wannan abin wasa ne ko ba abin wasa ba ne? Dalilin da ya sa wannan tambayar ke zuwa gaban kowace shi ne ƙa'ida ta ɗaya cikin ƙa'idoji shida na fassara tarifu ta ce abin da ke yanke hukunci shi ne kalmomin kan layi da bayanan da ke farkon sashe da farkon babi. To in ka je farkon sashe na 16, wanda ya ƙunshi babi na 84 na injina da na 85 na kayan lantarki, bayani na ɗaya ya ce ƙarara kayan babi na 95 ba sa shiga nan. Babi na 90 na kayan awo da na gwaji ma haka ya ce. Ma'ana da zarar abu ya tabbata abin wasa ne na 9503 to an rufe ƙofar injina an rufe ta kayan lantarki, ko da kuwa yana da ƙwaƙwalwa da sensa goma, ba ka da zaɓi.

A nan ne malaman makaranta suke jin zafi, kuma na fahimce su. Malam zai ce wannan fa ba wasa muke da shi ba, darasi muke koyarwa, yara na koyon lissafi da kodin. Gaskiya ne malam, amma bayanin da hukumar ta duniya ta yi wa layin 9503 ya haɗa har da kayan wasa na ilimantarwa da na haɗa-haɗa irin na gine-gine, kuma bai ce sai na yara kaɗai ba, abin nishaɗin manya ma yana ciki. Don haka koyarwa kaɗai ba ta fitar da abu daga kayan wasa. Abin da ake dubawa shi ne ainihin abin: an ƙera shi ne don nishaɗi da koyo ta hanyar wasa, ko kuwa akwai wani aiki na gaske da yake yi? Ƙarfinsa ya kai na kayan aiki ko kwaikwayo ne kawai? A ina ake sayar da shi, wa ake tallata wa? Yana ɗauke da shaidar gwajin lafiyar kayan wasa irin EN 71 na Turai ko ASTM F963 na Amurka? In ka ga waɗannan a kwali to shi kansa kamfanin ya riga ya faɗa maka a wane gida ya ajiye kayansa. A ganina galibin ƙananan kit ɗin da makarantun firamare da ƙaramar sakandare ke saye, masu kama da mBot ko LEGO SPIKE, in mutum zai faɗa wa kansa gaskiya 9503 ne ya fi ƙarfi a kansu, gara ka yi kasafinka a kan haka tun farko.

Mataki na uku, in ka tabbatar ba abin wasa ba ne sai ka tambayi aikinsa. In yana da aiki guda sananne to magana ta ƙare da wuri, layin wannan aikin zai bi. Mai sharar ɗaki yana zuƙe ƙura irin Roomba injin shara ne, 8508, ƙananan na gida kuma 8508.11. Mai yanke ciyawa 8433. Mai tashi sama ba matuƙi yana da nasa layin tun 2022, wato 8806, sai dai in na wasa ne zalla, kuma shi wannan yana da nasa dogon zance na izinin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro da rajistar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, kar ka yi odarsa sai ka gama da su.

Sai kuskuren da ya fi yawa, wato a ce ai tunda ana yi masa firogiram kwamfuta ce, a kai shi 8471. A'a. Bayani na 6 na babi na 84 ya yi maganar nan dalla-dalla, ya ce injin da ke ɗauke da kwamfuta a cikinsa ko yake aiki tare da ita amma yana yin wani takamaiman aiki da ba sarrafa bayanai ba, to layin wannan aikin zai bi, in babu sai a kai shi layukan saura. Injin wanki na zamani ma akwai ƙwaƙwalwa a cikinsa amma ba wanda ya taɓa kiransa kwamfuta. Mutum-mutumi aikinsa motsi ne da ji da gani da amsawa, ƙwaƙwalwar hidima take yi wa wannan aikin.

Akwai kuma 9023 wanda masu makarantu ke so ƙwarai, layin na'urori da samfura da aka ƙera don nuni, kamar a aji ko wurin baje koli. Amma ka karanta shi har ƙarshe, akwai sharaɗin cewa abin bai dace da wani amfani ba sai nunin. Samfurin injin mota da aka tsaga gida biyu don ɗalibai su ga yadda fistin ke hawa da sauka, wannan shi ne ɗan gidan. Teburin horo na kwalejin fasaha da aka kafe hannun mutum-mutumi a kai don nuna yadda ake sarrafa shi, wannan ma yana da hujja mai kyau. Amma abin da yaro zai iya ɗauka ya kai gida ya yi tsere da na abokinsa, da wuya ya cika wannan sharaɗin, ga kuma waccan ƙofar da babi na 90 ya rufe wa kayan wasa.

Shi kuma 8479.50 kalmar masana'anta da ke jikinsa ba ado ba ce. Ana nufin injin da ke maye gurbin hannun ma'aikaci, wanda za a canza masa abin riƙo ya koma wani aikin. Ɗan mutum-mutumi mai rawa da gaisuwa ba ya shiga nan don kawai sunansu ɗaya. Ƙaramin hannu na kan tebur da zai iya ɗaukar abu ya ajiye daidai wurin da aka ce sau ɗari ba kuskure, shi ne ke kan iyaka, kuma irinsa ne ake nema wa hukunci a rubuce, zan zo kan wannan.

In duk waɗannan ba su karɓe shi ba, saura layuka biyu na saura: 8479.89 na injina masu aikin kansu da ba a ambata a wani wuri ba, da 8543.70 na na'urorin lantarki masu aikin kansu da ba a ambata ba. Bambancin a taƙaice, in ainihin aikin motsi ne na inji, gaɓoɓi da giya da ƙafafu, to 84 ya fi kusa, in kuma aikin na lantarki ne zalla motsin ɗan ƙari ne kawai to 85. Manyan irin NAO mai tsawon santimita 58 da jami'o'i ke bincike da shi, ko karen Unitree mai ƙafa huɗu, a wannan unguwar ake tattauna su. Wanda kuma yake da ayyuka da yawa a jiki ɗaya, ga sikirin ga kyamara ga lasifika ga taya, misali na yin kiran bidiyo daga nesa, bayani na 3 na sashe na 16 ya ce a bi babban aikinsa, to sai ka tsaya ka yi tunani, sadarwa ce babba wato 8517, ko yawon ne babba. Ka rubuta amsarka da dalilinka a takarda. In da gaske an rasa wanda ya rinjaya, ƙa'ida ta 3 ta ce a fara da layin da ya fi bayyana abin, in bai yiwu ba a dubi abin da ya ba shi ainihin siffarsa, in nan ma an tashi kunnen doki a ɗauki layin da ya zo ƙarshe a jerin lamba. Ba a ce a ɗauki mai arha ba.

Mataki na huɗu shi ne batun kaya a warwatse, don yawancinsu a haka suke zuwa. Wasu na ɗauka in abu ya zo ba a haɗe ba sai ya zama sassa a biya kuɗin sassa. Ƙa'ida ta 2 ta toshe wannan, abin da ya zo a kwance ko bai cika ba amma yana da siffar cikakken to a matsayin cikakken za a ɗauke shi. Kit ɗaya a kwali ɗaya da batirinsa da cajarsa da rimot ɗinsa da littafinsa, lamba ɗaya ce. Amma in ka ƙaro kayan gyara daban, kuma ya kamata ka ƙaro don yara za su ƙona injin taya su ɓatar da sukurori, to su kowanne gidansa zai tafi: ƙananan injinan lantarki 8501, caja 8504.40, batirin litiyam 8507.60, rimot na rediyo 8526. Babi na 95 da kansa ya fitar da injinan lantarki da taransifoma da rimot daga cikinsa ko da na abin wasa ne. Tayoyi da gangar jiki da aka yi don wannan abin wasan kaɗai su kam suna bin uwarsu 9503. Don haka ka sa mai sayarwa ya raba su layi-layi a inbois kowanne da adadinsa da farashinsa, kar ya dunƙule ya rubuta kayan lantarki kwali goma, wannan rubutun shi ke jawo a zazzage maka komai a ƙasa.

Batirin litiyam in ta jirgin sama ne sai da takardar gwaji ta UN 38.3 da takardar bayanin haɗari, ka nema tun wuri, wannan ba ruwan kwastam, kamfanin jirgi ne zai ƙi ɗauka.

Mataki na biyar, lissafi. Ka samo lamba goma ɗin a littafin tarifu na shafin kwastam ka ga kason da ke gabanta. Kuɗin fito a kan jimillar kuɗin kaya da na dako da na inshora ake ɗora shi, da canjin dalar da kwastam ta sa a ranar ba na kasuwar Wapa ba. Mu ɗauka misali ka sayi kit 20 kowanne dala 100, dala 2,000 ke nan, dako dala 300, inshora dala 20, jimilla 2,320. A kashi 20 kuɗin fito dala 464 ne, a kashi 5 kuma dala 116. VAT na kashi 7.5 kuma a kan jimillar har da kuɗin fiton ake ɗora shi, na farko zai kai wajen dala 209 na biyu wajen 183. Ka ga tazarar ta haura dala 370 a kan kwali ashirin kacal, ban da ƙananan caji da ke hawa kai irin rabin kashi ɗaya na ECOWAS da cajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya wanda aka yi ta kai-komo a kansa a 2025, shi wannan abin da ya fito a takardar kimantawa ta ranar shi za ka bi. Wannan tazarar ce ke sa wani ejan ya ce maka Alhaji bari kawai mu sa shi a injina. Kar ka yarda in ka san abin wasa ne. In an gano a wurin duba kaya za a yanko maka takardar biyan cikon kuɗi wadda ake ce wa DN, ga tara na iya biyo baya, ga kuɗin ajiya na hawa kullum kayan na zaune, in ma sun fita lafiya akwai binciken bayan fitar kaya da zai iya zuwa ya same ka har ofis.

In makaranta ce ko ƙungiya da aka ba kyautar kayan kuma kuɗin ya yi nauyi, akwai hanyar halal, ita ce neman takardar yafe kuɗin fito ta IDEC daga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, kuma tun kaya ba su taso ba ake nema. Lambar tana nan yadda take, kuɗin ne ake yafewa in an amince. Wanda kuma guda ɗaya zai saya wa ɗansa ta kamfanin aike, tun Satumban 2025 akwai sassaucin kayan da ba su wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara.

Mataki na shida, kuma shi na fi so mutanenmu su saba da shi: in kayan masu tsada ne ko za ka riƙa kawo su a kai a kai ko kuma suna kan iyakar layi biyu, ka nemi adbans rulin, wato kwastam su ba ka hukuncin lamba a rubuce tun kaya na can. Dokar kwastam ta 2023 ta tanadi wannan, kuma an ƙaddamar da shi a 2024 ƙarƙashin Kwanturola Janar Bashir Adewale Adeniyi. Za ka yi rajista da lambar harajinka ta TIN, ka tura bayanin kayan da hotuna da littafin bayani, ka faɗi lambar da kake gani da dalilinka, in sun nemi samfur ka kai. Abin da suka rubuto ya hau kansu ya hau kanka a kan wannan kayan dai da ka bayyana, shi ya sa ba a ɓoye komai a bayanin, in ka ɓoye cewa kwalin ya ce daga shekara 8 to takardar ba za ta tsaya maka ba ranar da aka buɗe kwalin. Kafin ka rubuta ka leƙa rumbun hukunce-hukuncen kwastam ɗin Amurka mai suna CROSS da na Tarayyar Turai mai suna EBTI, kyauta ne a intanet, ka sa sunan kayanka ko makamancinsa ka karanta yadda suka kafa hujja. Hukuncinsu ba ya ɗaure jami'inmu amma tunda lamba shidan ɗaya ce hujjar na da nauyi.

Mataki na bakwai, takardu, kuma a jere suke. Kayan wasa da kayan lantarki duka suna ƙarƙashin SONCAP, tsarin tantance ingancin kayan shigowa na hukumar kula da ingancin kaya ta SON, ana fara samun shaidar kaya daga can ƙasar da aka ƙera su, da ita ake buɗe Fom M, wato takardar neman shigo da kaya, a banki, sai shaidar SONCAP ta wannan lodin, sannan kwastam su fitar da PAAR, wato rahoton kimanta kaya kafin su iso. In na'urar na da Wi-Fi ko Bluetooth ko layin waya ka bincika batun amincewar hukumar sadarwa ta NCC. Lambar da ka sa a Fom M ita za ta bi ka har PAAR har takardar bayyana kaya a manhajar B'Odogwu da kwastam ta koma kai, gyara ta a tsakiyar hanya ɓata lokaci ne sosai, shi ya sa na ce a gama da lamba kafin a je banki. Wurin bayanin kaya kuma ka rubuta abin da yake: kit ɗin mutum-mutumi na koyon kodin, samfuri kaza, na 'yan shekara kaza zuwa sama, ba a haɗe ba, da batir ko babu. Bayanin inbois da na takardar shirya kaya da na Fom M su zama baki ɗaya.

Na san da yawa daga cikinmu ta hannun masu kago na Guangzhou muke kawo kaya, a auna a kilo ka biya ka je ka ɗauka a Kano ba ka ga takarda ko ɗaya ba. Don gwaji na guda biyu ko uku ba laifi. Amma makarantar da za ta nuna wa masu ba da tallafi rasit, ko ɗan kasuwar da ke neman kwangilar kai wa gwamnati kaya, yana buƙatar takardun da ke ɗauke da sunansa.

Mataki na ƙarshe, ranar duba kaya, ko a filin jirgin Malam Aminu Kano ne ko Apapa ko tashar tsandauri ta Dala. Ka ba ejan ɗinka fayil guda: littafin bayani, hotunan kwali, shafin tarifun da ka dogara da shi ka ja layi ƙarƙashin bayanin, da 'yar takarda shafi ɗaya da ta ce mun zaɓi lamba kaza saboda kaza. Ka sa mai sayarwa ya haɗa guda ɗaya ya yi masa caji ya sa a kwalin sama ya yi masa alama, don in jami'i ya yanke salatif ya ɗaga murfi ya ga ledoji cike da waya da sukurori dole ya yi tambaya, amma in aka ɗauko haɗaɗɗen aka ajiye a ƙasa aka danna ya tafi ya ga ƙafar mutum ya juya, cikin minti biyu kowa ya gane me ake magana a kai. In duk da haka jami'in ya ga wata lambar daban, ka roƙe shi cikin ladabi, ranka ya daɗe a rubuta mana lambar da dalilin, sai ka kai ƙorafi a rubuce ga kwanturolan yankin, in ba a warware ba a wuce sashen tarifu da ciniki na hedikwata a Abuja. Ka auna kuma, in cikon da ake nema bai kai kuɗin ajiyar da zai taru ba, ka rubuta takardar cewa ka biya ne ba don ka amince ba, ka fitar da kayanka, ka ci gaba da bin maganar ta takarda, sannan ka nemi hukunci a rubuce kafin lodi na gaba. Fayil ɗin kuma ka adana shi da kyau, ka sake duba lambar duk sanda kamfanin ya fito da sabon samfuri ko ya ƙara masa kyamara ko hannu, haka ma in sabon bugun HS na 2028 ya fara aiki, don ana matsar da layuka a kowane bugu.